Babi Na Shida: Idan Kwamfuta Ta Ƙi Magana Da Rediyonka

Wannan babin na masu rediyon sha'awa ne, wato masu lasisi da lambar kira, irin masu farawa da 5N a Najeriya, 5U a Nijar, 9G a Ghana. Ka haɗa rediyo da kwamfuta domin ita kwamfutar ta riƙa karanta mitar da kake kai, ta canza maka ita, ta kuma danna maka maɓallin aikawa da kanta, abin da ake kira CAT kenan. Toh ka buɗe manhajar WSJT-X zaka yi FT8, wato hanyar aika gajeren saƙon rubutu ta rediyo, ka danna Test CAT, maimakon ya yi kore sai ya yi ja. Yawancin mutane nan take sai su ce rediyo ya lalace, alhali da wuya ne ka samu laifin rediyon ne. Daga kwamfuta ake fara bincike a tafi a hankali har a isa rediyon, kuma abu ɗaya ake taɓawa a gwada kafin a taɓa na gaba.

Da farko, kwamfutar ma ta ga kebul ɗin kuwa? Yawancin kwamfutocin yanzu ba su da ramin siriyal mai fil tara ɗin nan na da, sai dai USB, shi yasa ake amfani da kebul mai ɗan cif a ciki da ke juya USB zuwa siriyal. A Windows ka buɗe Device Manager, ka nemi layin da aka rubuta Ports, ka zuba masa ido, sai ka zare kebul ɗin ka mayar. Idan wani suna ya ɓace ya dawo, misali COM4, toh shi ne naka, ka rubuta lambar a takarda. Idan ba abin da ya motsa ko kaɗan ka canza rami, ka canza kebul, domin akwai kebul na caji zalla wanda ba waya biyun da ke ɗaukar saƙo a cikinsa, kuma da ido ba zaka bambance shi ba. Idan kuma sunan ya fito amma da ɗan alwatika rawaya a jikinsa, matsalar direba ce, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane cif ɗin. Cif ɗin da aka fi samu su ne FTDI, Prolific PL2303, CH340, da CP210x na Silicon Labs wanda ke cikin rediyoyi irin su Icom IC-7300, kowanne da direbansa, kuma daga shafin kamfanin ake saukewa. Kebul masu arha da yawa jabun PL2303 ne a ciki, sabon direba yana ganewa ya ƙi su ya nuna Code 10, ni dai shawarata kar ka ɓata dare kana neman tsohon direba, ka sayi mai FTDI na gaske ka huta.

Ka lura, lambar COM tana iya canzawa in ka canza ramin USB, jiya COM4 yau COM7, manhaja kuwa tana can tana jiran COM4. Kuma Yaesu FT-991A COM biyu yake fitarwa, Enhanced da Standard, na Enhanced shi ne na CAT, mutane da yawa a nan suke tuntuɓe. Masu Linux, naku sunansa kamar /dev/ttyUSB0 ne, kuma sai an sa ka a rukunin dialout kafin a barka ka buɗe shi.

Yanzu gwajin da ya fi kowanne amfani, kuma ba ya buƙatar rediyo sam. Idan kebul ɗinka mai kan fil tara ne, ka cire shi daga rediyo, ka haska tocila ka duba, lambobin suna nan ƙanana a jikin robar kusa da fil ɗin. Fil na 2 shi ke karɓa, na 3 shi ke aikawa, na 5 shi ne ƙasa. Ka samu ɗan guntun waya ko kilif ɗin takarda ka haɗa 2 da 3, ka kula kar ya taɓa na kusa. Sai ka buɗe manhajar PuTTY ko Tera Term, ka zaɓi siriyal, ka sa lambar COM ɗinka, ka fara buga haruffa. Idan abin da ka buga yana fitowa a allo, ka zare wayar ka sake bugawa, in ya daina fitowa shikenan, kwamfuta lafiya, direba lafiya, cif lafiya, rabin aikin ya ƙare kenan.

Saura tsakanin kebul da rediyo. Akwai kebul miƙaƙƙe, 2 zuwa 2, 3 zuwa 3, akwai kuma mai giciye da ake kira null modem, 2 zuwa 3. In ka sa wanda bai dace ba kamar mutum biyu ne sun haɗa baki da baki kowa yana magana ba mai kunne. Littafin rediyonka zai faɗa maka wanne yake so, mitar gwada wuta, wato multimeter, kuma zata faɗa maka wanne ne a hannunka. Sannan maganar wuta, wannan ka ji ta da kyau domin ita ce ke iya jawo asara. RS-232 na gaskiya yana aiki da volt 3 zuwa 15 ne, sama da ƙasa da sifili, amma ramin bayan rediyon Yaesu FT-817 da FT-857 da ramin CAT na Icom da ake kira CI-V ƙaramar wuta suke so, sifili zuwa wajen volt 5. Dole a samu mai daidaitawa a tsakani, irin kebul ɗin CT-62 na Yaesu ko cif ɗin MAX232, kar ka yanka waya ka jona kai tsaye wai dan ka ga ko zai yi.

Sai saiti. Gudun saƙo, wato baud, dole ya zama ɗaya a rediyo da manhaja. FT-817 yana da 4800, 9600 da 38400 a menu na 14, kuma stop bits 2 yake so ba 1 ba. Icom kuma kowane samfuri da adireshinsa, IC-7300 nasa 94 ne, IC-706MKIIG nasa 58, in ka sayi na hannu mai yiwuwa mai shi na farko ya canza, ka shiga menu ka gani da idonka. Kuma manhaja ɗaya ce kawai ke iya riƙe COM a lokaci guda, in flrig, manhajar sarrafa rediyo, ko manhajar log ɗinka na buɗe a baya WSJT-X ba zai samu shiga ba, ka rufe ɗaya ko kuma ka ce wa WSJT-X ya bi ta flrig ɗin.

Wani lokaci kana kunna kwamfuta sai rediyo ya kama aikawa da kansa, wannan layin RTS ne ko DTR, fil na 7 da na 4, wanda aka sa wa aikin danna PTT, wato maɓallin aikawa. Ka duba saitin handshake da na PTT, kuma ka saba kunna kwamfuta kafin rediyo.

Na ƙarshe shi ne mai ban haushi. Komai na tafiya daidai kana sauraro, kana fara aikawa sai ka ji ƙarar nan ta Windows ta zare USB, CAT ya mutu. Wannan siginar taka ce ke dawowa ta bi kebul. Ka rage ƙarfi zuwa watt 5 ka gwada, in bai yanke ba toh ka kama ɓarawon. Ka naɗa kebul ɗin USB sau huɗu ko biyar a zoben ferrite, mai lamba 31 ya fi dacewa da HF, wato gajeren zango, ka rage tsawonsa, ka nisanta shi da koaks, wato kebul ɗin eriya, ka duba SWR, wato ma'aunin yawan siginar da ke dawowa daga eriya. Ka kuma gwada zare cajar laftof ɗin ka yi aiki da batir kawai.

Aikin gida: ka yi gwajin haɗa fil 2 da 3 a kebul ɗinka, sannan ka rubuto lambar COM, sunan cif, da baud ɗin da ke menu na rediyonka, ka zo da takardar aji na gaba.