Yadda iyaye za su gane ko makarantar cata ta shigo da addini cikin karatu a Amurka

Makarantun cata a Amurka da kuɗin haraji ake ɗaukar nauyinsu, amma ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke gudanar da su bisa yarjejeniya da hukuma. Jihar Minnesota ce ta fara kafa dokarsu a 1991. Tun da gyaran farko na kundin tsarin mulkin ƙasar, na 1791, ya hana gwamnati ɗaure wa wani addini gindi, ya kuma hana ta tauye 'yancin ibada, wajibi ne uban da zai kai ɗansa irin wannan makaranta ya san inda iyakar take.

Da farko a nemi takardar yarjejeniyar, a kuma gano hukumar da ta ba makarantar izini, wadda kan iya zama hukumar ilimi ta gunduma, ko ta jiha, ko wata jami'a. Dokar tarayya ta shardanta wa makarantar da ke son tallafin cata cewa kada ta karkata ga wani addini a darussanta, ko wajen ɗaukar ɗalibai da ma'aikata, don haka duk abin da ya saɓa wa wannan abin tambaya ne.

Daga nan sai a duba abin da ke faruwa cikin aji, domin nan ne gizo ke saƙar. Kotun Ƙoli ta haramta addu'ar da hukuma ta tsara wa ɗalibai tun a 1962, a 1963 kuma ta hana karanta Baibul a matsayin ibada, amma ta bar ƙofa a buɗe ga nazarin addini ta fuskar tarihi da adabi. Malamin da ya bayyana wa yara abin da Kiristoci ko Musulmi suka yi imani da shi bai karya doka ba. Wanda ya ce su sunkuyar da kai su maimaita addu'a bayansa ya ƙetare iyaka. Haka nan yarinyar da ta sa hijabi, ko yaron da ya yi sallar azahar lokacin hutu bisa raɗin kansa, haƙƙinsu ne. Koyar da Larabci ko Ibrananci ma ba laifi ba ne, sai dai a buɗe littafin a ga ko nahawu ake koyarwa ko aƙida. Irin wannan zargi na cuɗa karatu da addini ne ya sa ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta maka makarantar cata ta Tarek ibn Ziyad da ke Minnesota a kotu a 2009, kuma an rufe ta a 2011.

Ginin ma a dube shi. Hayar ajujuwa a harabar coci ko masallaci ba ta saɓa doka ba, amma a tambayi nawa ake biya, da ko mutane ɗaya ne ke zaune a kwamitocin ɓangarorin biyu.

Kada a rikita wannan da tallafin kuɗin makaranta da ake bai wa iyaye su zaɓi inda suke so, wanda Kotun Ƙoli ta halatta a 2002 ko da makarantar ta addini ce. Batun cata daban yake, kuma har yanzu da sauran rina a kaba. A 2023 wata hukumar Oklahoma ta amince da makarantar Katolika ta St. Isidore a matsayin makarantar cata, kotun ƙolin jihar ta soke amincewar a 2024, sannan a watan Mayun 2025 alƙalan Kotun Ƙoli ta ƙasa suka rabu huɗu da huɗu bayan ɗaya daga cikinsu, Mai shari'a Amy Coney Barrett, ta janye daga shari'ar. Hukuncin Oklahoma ya tsaya, amma bai zama doka a kan sauran jihohi ba, shi ya sa a ganina karanta dokar jiharka ya fi dogaro da abin da ka ji a labarai.

In an ga abin da bai dace ba, a rubuta rana da abin da ya faru, a adana takardun da yaro ya kawo gida, a kai ƙorafi a rubuce ga shugaban makaranta. In bai yi komai ba sai a je ga kwamitin gudanarwa, sannan hukumar da ta ba da izini, domin ita ce ke da ikon ƙin sabunta yarjejeniyar ko soke ta.