Darasi na 9: Facin jirgin faiba

Tun da aka gama madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru a kan kogin Binuwai a 1982, ruwa ya shanye itatuwa masu yawa, kututturansu suna nan a ƙasa. Su da duwatsun bakin gaɓa ne ke yawan fasa mana jirage. Na katako kowa ya san facinsa. Na faiba kuwa kwalta ba ta riƙe shi, sai ƙyallen faiba da rezin, wato ruwan gam mai kauri da ke sandarewa.

Ka fitar da jirgin, ka kife shi a inuwa. Ɗauki kwabo ka riƙa ƙwanƙwasa kewayen tsagar. Wuri mai lafiya yana ƙara ƙwas-ƙwas. Inda ka ji dum-dum, faiban ya rabu daga ciki ko da ido bai gani ba, duk sai an cire shi.

Yanzu sai haƙuri, don a nan yawancin faci ke lalacewa. Rezin ba ya kama wuri mai laima. Ka bar jirgin ya bushe sarai, ko da zai ɗauki kwanaki. Da yawa suna ajiye gyara sai watannin damina da ake rufe kamun kifi a tafkin Lagdo. Lokacin akwai sarari, gaskiya ne, amma iska jiƙe take, dole jirgi ya shiga rumfa. Ni dai na fi son gyaran hunturu.

In ya bushe, ka goge bakin tsagar da samfefa mai kaushi, ka kwantar da shi gangare-gangare. Faɗin gugar ya zama ninki 12 na kaurin jirgin: in kaurin milimita 5 ne, ka goge santimita 6 ta kowane gefe. Ɗaura takunkumi, ƙurar tana cutar da huhu, tana sa ƙaiƙayi. Share wurin da asiton, wato sinadarin goge maiƙo, kada ka sake taɓa shi da hannu. Sai ka yanka ƙyallen falle-falle, kowane ya ɗan fi wani girma, ka jera su kusa kafin ka buɗe gwangwanin rezin.

Rezin yana zuwa da ruwan daskarwa a ƙaramar kwalba. Lita 1 tana cin mililita 10 zuwa 20. Auna da sirinji, ban da ƙiyasi da ido. A zafin Afrilu, da rana ke wuce digiri 40, ka tsaya a 10, ka yi aikin da sassafe, ka dama kaɗan-kaɗan, don yana iya sandarewa a kwano kafin minti 10. In ruwan daskarwa ya yi yawa, kwanon zai ɗau zafi har ya yi hayaƙi. Ka sa safar hannu, ka kori yara da masu shan taba. In ruwan daskarwa ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai tsabta minti 15, a nufi asibiti nan take, domin yana makantarwa.

Shafa rezin, ɗora falle, ka riƙa dannawa da kan buroshi har farin ƙyallen ya ɓace. Inda fari ya rage, iska ce a ciki, nan ruwa zai bi. Haka falle bayan falle har ramin ya cika. Ka bar shi ya kwana, in farce bai shige shi ba ka goge, ka yi fenti.

Aikin gida: Jirginka yana da kaurin milimita 4. Santimita nawa za ka goge? Rabin lita na rezin, mililita nawa na ruwan daskarwa za ka zuba a watan Afrilu? Rubuta amsa a littafinka, ka kawo wa malam.