Yadda ake sayar da gida a unguwar ƴan fansho a New Zealand

Wato gidajen nan da ake ginawa tsofaffi unguwa guda, masu lambu da kilinik da wajen shan shayi, sayar da su ba kamar sayar da gidanka na gado ba ne fa. Kafin ka kira kowa, ciro takardar yarjejeniya ka karanta, saboda a New Zealand yawanci Baba, wato tsohon naku da ya zauna a ciki, ba gidan ya saya ba, izinin zama ya saya, ƙarƙashin dokar unguwannin ƴan fansho ta shekarar 2003. Ma'ana kamfanin da ke gudanar da unguwar ne zai nemo sabon mai shiga, kai naka jira.

Inda mutane ke shan mamaki wajen lissafi ne. Akwai kuɗin da kamfani ke yankewa ranar fita, sau da yawa kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na abin da aka biya tun farko, kuma ko gidan ya yi daraja galibi ribar tasu ce, kai dai a ba ka ragowar kawai. Ni a ganina wannan da ciwo, amma an riga an sa hannu gaban lauya.

Ka rubuta musu notis, ka kwashe kaya da wuri, ka ɗau hoton bango da kafet kafin ka miƙa makulli, kar gobe a ce ku kuka ɓata. Kuɗin hidimar unguwa da ake biya sati-sati kuma yana iya ci gaba da tafiya ko ba kowa a ciki, sai dai in an wuce wata 6 ba a samu mai shiga ba dole su rage aƙalla rabi, to ka riƙa bin rasit ɗin.