Kurakuran da ke ƙona injin lantarki wajen rage masa gudu

Abu biyu ne ke ƙayyade gudun injin indakshan, wato injin lantarkin da maganaɗisu mai zagayawa ke juya shi: yawan kaɗawar wutar, wato Hz, da yawan pol, wato kawunan maganaɗisun da aka naɗa a koyil. Inji mai pol 4 a wutar 50 Hz, maganaɗisunsa na zagayawa sau 1500 a minti, shaf kuma na ɗan biyo baya, kamar 1450. Wanda bai riƙe wannan ba shi ne za ka gani yana ta rage bolt, yana jiran inji ya lafa. Gudun ba zai sauka sosai ba, sai dai ƙarfin juyi ya faɗi. Ka rage bolt kashi 10 cikin 100, ka rasa kusan kashi 19 na ƙarfin, inji ya ƙara jan wuta, ya ɗau zafi. Sta-delta ma, wato haɗin da ke rage bolt a farkon tashi, aikinsa tayar da inji ne kawai. Maganin shi ne na'urar VFD, mai rage Hz da bolt tare.

To, an sa VFD, sai a ɗauka an gama. A nan aka fi asarar inji. Leƙa bayansa: fankar da ke sanyaya shi a kan shaf ɗinsa take. Da ka sauke shi zuwa 15 Hz, ita ma ta lafa. Ka kara tafin hannu a ragar murfin, da ƙyar za ka ji iska, alhali injin bel ko na cakuɗa yana ɗauke da nauyinsa yadda yake. Kafin a ankara, warin banish ɗin da ke rufe wayar koyil ya tashi. In aiki na buƙatar gudu kaɗan na tsawon lokaci, a ɗaura masa fanka mai wutarta daban, ko a sa giya a bar inji kusa da gudunsa.

Wani sakacin shi ne ƙin shigar wa VFD bayanan farantin da ke jikin inji. Bolt, amfiya, Hz, gudu: aikin minti biyar ne, amma da su take sanin lokacin da za ta kare shi.

Kada a bar kafasitar gyaran wuta, wadda ake haɗa wa inji don rage amfiyar da ake ja daga layi, tsakanin VFD da inji, tana iya lalata na'urar. Haka buɗe kwantakta, wato makunnin da ke haɗa wuta da yanke ta, a tsakaninsu inji na gudu.

Masu famfon ruwa da ke barin inji a cikakken gudu suna matse bawul, su kam wuta suke zubarwa. Rage gudun famfo ko fanka da kashi 20, wutar da yake ci na iya sauka kusan rabi.

In VFD na yankewa duk sanda za a tsayar da inji mai nauyi, ba lalacewa ta yi ba, injin ne ke maido mata wuta. Ƙara lokacin tsayawa a saitin VFD, ko ka haɗa razistar birki, mai shanye wutar da injin ke maidowa. Kuma in za ka buɗe ta, kashe wuta bai isa ba: kafasitocin cikinta na riƙe fiye da bolt 500 a layin bolt 400. Jira mintunan da aka rubuta a murfin, ka auna da mita, sannan ka kai hannu.