Yadda ake shirya jakar hannu ɗaya tak don tafiyar jirgin ruwa a Kogin Nilu

Wanda bai taɓa hawa jiragen yawon buɗe ido da ke zirga-zirga tsakanin Luksor da Aswan a ƙasar Masar ba, zai zaci jirginsa zai tarar a bakin gaɓa yana jiransa. Ba haka abin yake ba. Jiragen sun fi ƙarfin wurin tsayawa, don haka jere su ake yi kafaɗa da kafaɗa, uku, huɗu, wani lokaci har biyar, a ɗaure su a wuri guda. Idan naka ne na can ƙarshe, sai ka gangara matakalar dutse daga bakin titi, ka hau wata siririyar gada, ka ratsa ta falon jirgi na farko, ka tsallaka na biyu, ka bi ta na uku, kafin ka kai naka. A zuwana na farko da akwati biyu na yi wannan tattaki, ɗaya ma tayarsa ta ɓalle tun a filin jirgi. Ma'aikata sun kama mini, amma kowane hannu da ya taɓa akwatin sai da na sallame shi da bakshish, wato ɗan tukuici. Da na dawo gida na zazzage kayan, na tarar fiye da rabi ko warware ninkinsu ban yi ba. A zuwa na biyu jakar hannu kaɗai na riƙe. Ga yadda na tsara ta.

Mataki na farko: san wanda ke yanke hukunci

Jirgin ruwan ba ya ɗora jakarka a sikeli. Jirgin sama ne mai wannan aikin, kuma sau huɗu za ka gamu da shi idan ta Alƙahira ka bi: daga Kano ko Abuja ko Legas zuwa Alƙahira, daga nan ka kama ƙaramin jirgin cikin gida na kimanin awa guda zuwa Luksor ko Aswan, sannan ka maimaita a dawowa. Saboda haka kafin ka taɓa ko da singileti, buɗe tikitinka ka karanta abin da aka rubuta game da jakar hannu a kowane zango. Yawancin kamfanoni suna ba mai ƙaramin tikiti kilo 7 ko kilo 8. Girman jakar kuwa yana kewayen santimita 55 a tsawo, 40 a faɗi, 20 zuwa 23 a kauri. Idan zango ɗaya ya ce 8, wani ya ce 7, to 7 ne naka. Kuma awon nan ya haɗa da tayoyi da mariƙi. Mutane da yawa a nan suke faɗawa: mai kanti ya rantse maka jakar ta hannu ce, kai kuma ba ka sa tef ɗin tela ka auna daga ƙasan taya zuwa saman mariƙi ba.

Kusan kowane kamfani yana yarda da ƙarin ƙaramin abu ɗaya da zai shige ƙarƙashin kujera, kamar jakar mata ko ta kwamfuta. Wannan ƙaramar jakar ita ce za ta zama abokiyar yawonka kullum idan kun sauka daga jirgin ruwa, don haka zaɓi wadda ake ratayawa, mai zif.

Mataki na biyu: auna jakar tun tana fanko

Wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki. Akwatin taya mai tauri yakan kai kilo 3 babu komai a cikinsa. Ke nan daga kilo 7 an riga an cinye maka kusan rabi tun ba ka sa ko hula ba. Jakar goyo mai kyau kuwa kilo ɗaya ce ko da ɗan ɗori. Ni ta goyo nake ɗauka, don matakalar bakin Nilu ba ta san taya ba. Amma dattijo, ko mai ciwon baya, ya nemi akwatin yadi mai tayoyi biyu, ya fi mai huɗu sauƙi kuma ya fi jure gargada. Idan ba ka da ɗan sikelin rataye, hau sikelin awon mutum kai kaɗai, sake hawa riƙe da jakar, ka debe.

Mataki na uku: lissafa kwanaki, sannan ka zaɓi tufafi

Nilu daga kudu yake gangarowa arewa. Shi ya sa tafiyar da ta tashi daga Aswan zuwa Luksor yawanci kwana uku ce, wadda ta tashi daga Luksor tana haurawa kuma kwana huɗu. Haɗa da kwanakin hanya da ɗan tsayawa a Alƙahira, mako guda ke nan. Mako guda ba ya buƙatar kaya bakwai. Kaya uku sun isa, ɗaya a jikinka, biyu a jaka.

Na san nan ne gardama take. Mu mutane ne masu son fita kunya, kuma tunanin "kada a gan ni da kaya ɗaya sau biyu" shi ke cika mana akwati. To ka tuna waɗanda za ku zauna da su a jirgin nan ba 'yan unguwarku ba ne, ba kuma ɗaurin aure ka zo ba. Babbar riga mai aiki da 'yar ciki da wando, in shadda ce mai nauyi, ita kaɗai za ta ci maka kaso mai tsoka na kilo bakwai ɗin, ga shi tana son guga, ga shi ba za ka iya sunkuyawa da ita cikin kaburburan fir'aunoni na Kwarin Sarakuna da ke kusa da Luksor ba, inda ake gangarawa ta doguwar hanya mai zafi da cunkoso. Bar ta a gida. Kaftani biyu na yadi mara nauyi, wanda ba ya yamutsewa, da wando ɗaya mai duhu da zai shiga da kowace riga, sai riga mai dogon hannu ta auduga. Hula ɗaya ta isa. Idan ba a kanka take ba, cusa safa da singileti a cikinta don kada ta lotse.

Ke kuma Hajiya, leshi da atamfa mai ɗaurin kai uku ba nan ne wurinsu ba. Dogayen riguna biyu marasa nauyi, abaya baƙa ɗaya da za ta rufe komai, mayafi biyu masu launi daban. Canjin mayafi kaɗai yana sa kaya su zama sababbi a hoto. Ki kula da tsawon rigar: wadda ke jan ƙasa za ta sha ƙura a tsohon haikalin Karnak da ke Luksor, kuma tana iya harɗe ki a kan gadar shiga jirgi. A Idfu, garin da jiragen ke tsayawa a hanya, yawanci da keken doki ake kai mutane tsohon haikalin garin daga bakin ruwa, hawansa kuwa yana son rigar da ƙafa ke sakewa a ciki.

Abin da ke sa kaya uku su isa shi ne iskar wurin. Kudancin Masar busasshe ne ƙwarai, ruwan sama sai a shekara ba a gani ba. Ka wanke riga da daddare a banɗaki, ka matse ta cikin tawul, ka rataye, kafin gari ya waye ta bushe, kamar dai lokacin hunturu a gida. Ɗan ƙullin omo ko guntun sabulun wanki ya wadatar. Yawancin jiragen kuma suna karɓar wanki da guga idan za ka biya.

Sai maganar sanyi, wadda mutanenmu ke rainawa saboda sun ji an ce hamada. Daga Yuni zuwa Agusta zafin Aswan yana wuce digiri 40, amma lokacin da aka fi tafiyar shi ne Oktoba zuwa Afrilu, kuma a Disamba da Janairu dare da asuba suna da sanyi mai shiga ƙashi, balle a saman jirgi inda iskar ruwa ke kaɗawa. Masu zuwa Abu Simbel, haikalin Ramsis na Biyu mai nisan kimanin kilomita 280 kudu da Aswan, tun wajen ƙarfe huɗu na asuba motarsu ke tashi. Suwaita ɗaya ko jaket mara nauyi dole ce. Kada ka sa ta a jaka. Ka sa ta a jikinka ranar tafiya, domin abin da ke jikinka ba a auna shi.

Takalmi biyu: kambas da ƙafarka ta riga ta saba da shi, shi ma a ƙafa za ka tafi da shi, da silifas na ɗaki da alwala. Sabon takalmi a wannan tafiya neman kanta ne.

Mataki na huɗu: ruwa-ruwa, magani da na'urori

Dokar da aka fi bi a filayen jiragen sama ita ce duk wani abu mai ruwa ko mai maiƙo da ke jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100, kuma duka su shige cikin leda mai haske guda ɗaya ta lita ɗaya. Mazubin ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba: kwalbar turare ta mililita 200 da saura kaɗan a gindinta, karɓewa za a yi. Man shafawa, basilin, makilin, humra, duk suna cikin wannan lissafi. Ɗura su a ƙananan robobi. Sabulun wanka na dunƙule da asuwaki ba ruwansu da dokar. Almakashi da reza da wuƙar aljihu a bar su gida. Turaren wuta ma haka, don ba a kunna garwashi a ɗakin jirgi.

Buta ba sai ka ɗauka ba. Yawancin banɗakunan Masar suna da famfon tsarki, inda babu kuma gorar ruwa ta yi aikin. Darduma ka nemi siririyar nan da ake ninkewa ta shiga aljihu.

Magani yana son a tsaya a kansa. Duk wanda kake sha kullum, na hawan jini ko na suga, ya zauna cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita, a ƙaramar jakarka. Ƙara da gishirin zawo na ORS da farasitamol, don sauyin ruwa da abinci yakan taɓa cikin baƙo. Ruwan gora kaɗai za ka sha. Amma ka yi nesa da tiramadol da danginsa. Masar ba ta wasa da shi: a 2017 kotu ta ɗaure wata 'yar Birtaniya shekara uku saboda ƙwayoyi kusan 290 da aka samu a akwatinta. Kada kuma ka karɓi saƙon maganin kowa, ko da ɗan uwa ne ya ce a miƙa wa ɗalibi a Alƙahira. Haka ƙaramin jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi: shiga da shi ƙasar ba tare da izini ba laifi ne.

Wutar Masar bolt 220 ce, amma soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, irin na Turai. Mutumin Nijar cajarsa za ta shiga kai tsaye. Ɗan Najeriya ko Gana mai caja mai ƙafa uku sai da adafta, kuma guda ɗaya mai bakin USB biyu ta fi tarin cajoji. Fawabank a jakar hannu ake riƙe shi, ba a yarda ya shiga kayan da ake miƙawa a kanta a sa a ƙasan jirgi ba. Iyakar da aka saba ita ce 100Wh, mai 20,000mAh bai kai nan ba. Idan aka ce wuri ya cika a karɓi jakarka a bakin jirgi, ciro shi tukuna.

Fasfo, biza, katin rigakafin shawara da ake nema daga matafiyan ƙasashenmu, katin banki da kuɗi, duk a ƙaramar jaka. Katin banki yana da muhimmanci domin manyan wuraren tarihi da yawa sun koma sayar da tikiti da kati. Fam ɗin Masar kuma ka nemi ƙananan takardu saboda bakshish, wanda ba ya ƙarewa.

Mataki na biyar: shiryawa da gwaji

Naɗe tufafi kamar tabarma, kada ka ninke su. Masu nauyi a ƙasa, ta wajen taya ko ta jikin bayanka. Silifas a leda, a gefe. Ledar ruwa-ruwa a can sama inda hannu zai kai nan take a wurin bincike. Ka rufe, ka auna. Burinka jakar ta tsaya a kilo 6, ba 7 ba. Daga nan ka ɗauke ta ka hau bene ka sauko sau biyu. Duk abin da ka tuna da shi da haushi a hawa na biyu, shi za ka fara cirewa. Ni abin da na cire a gwajina kwamfuta ce da kaftani na uku da na saƙa a ɓoye, ina ce wa kaina ko da za a buƙata.

Kilo ɗayan da ka bari na tsaraba ne, kuma shi ne jarrabawar gaskiya. A madatsar Isna, inda jirage ke layi kafin a shigar da su mashigar da ke ɗaga su ko sauke su, 'yan kasuwa sukan zo cikin ƙananan kwalekwale, su ɗaure a jikin jirgi, su riƙa jefo jallabiya da mayafi cikin leda har saman bene, kuna ciniki da ihu. Idan ba ka so ka jefa musu abinsu, idan ka saya ka sa kuɗin a leda ka jefa. Jirage da yawa suna ware dare ɗaya da kowa ke sa jallabiya, to ga inda za ka samu taka, ta kuma zama kaya na huɗu. Kasuwar Aswan cike take da dabino da kayan ƙamshi da karkade, wanda ba wani abu ba ne illa zoɓonmu, don haka kada ka ɓata kilo a kansa. Turaren mai kuwa ka ce a zuba maka a kwalabe ƙanana, in ba haka ba a filin jirgin Aswan za ku rabu.

Idan ka san mutanen gida ba za su yafe maka dawowa da mayafi biyu kacal ba, duba tikitinka: yawancin tikitin ƙasa da ƙasa yana da kason kayan da ake sawa a cikin jirgi, wanda ba ka taɓa ba a zuwa. Ka bar sayayyar sai ranar ƙarshe a Alƙahira, bayan ka gama da matakala da gadoji, ka sayi jaka mai arha a kasuwar Khan al-Khalili ko wani kanti kusa da masaukinka, ka cika ta, ka miƙa ta a kanta.