Yadda za a fita da yara su karanci muhalli a mayo Kaliao

Malaman lekol da na Islamiyya a nan Marwa, in kuna son yara su san ƙasarsu ba sai an yi hayar mota zuwa gandun dajin Waza ba, mayo Kaliao ɗin nan, wato kogin da ya ratsa gari yake ƙafewa da rani, ya ishe ku aji. Ku bari sai Disamba ko Janairu, da sassafe kafin rana ta buɗe. Da damina kam kar a kuskura, ana iya tafka ruwa can duwatsun Mandara nan ko ɗigo babu, sai dai ka ga mayo ya taho a guje.

A sanar da iyaye, babba biyu su raka, a ɗau bidon na ruwan sha da ƙorai da sanda.

In kun isa ka ce su tona yashi, amma kar ka gaya musu abin da za su tarar, nan ne malamai da yawa ke ɓata abin da yawan bayani. Sama yashin a bushe yake ƙamas, suna nitsawa zai fara sanyi a hannu ya yi duhu, in an dace sai ruwa ya fara tsattsafowa a gindin ramin. To sai ka tambaya, ruwan nan daga ina alhali tun Oktoba rabonmu da ruwan sama? Bar su su yi ta gardama. In sun gaji ka nuna musu ledoji da bolar da ake jibgewa a bakin mayo ka ce to dattin wancan ina yake zuwa. Kar kowa ya sha fa.

Wata ranar ku leƙa karal, wato gonakin laka, a bayan gari, ka roƙi dattijon da ke gonar, baba a yi mana bayani, shi ya fi ka sanin yadda ake dasa muskuwari, dawar rani, bayan ruwa ya ɗauke kuma ta nuna da damshin da laka ta riƙe kawai. Yara su zura hannu a tsagar ƙasar su ji. In akwai gawo kusa su lura shi da rani yake ganye, da damina ya kaɗe.

Zurfin ramin nan da kuka tona a mayo ku auna da sanda ku yi mata alama, a Afrilu ku koma wurin ku sake tonawa ku gwada.