Yadda za ku tsabtace ruwan sha bayan girgizar ƙasa

Idan ƙasa ta girgiza, bututun ruwa kan fashe, najasa ta shiga ciki. A Haiti, bayan girgizar 2010, kwalara ta ɓarke a watan Oktoba, ta hallaka mutum kusan 10,000. Don haka kada ku yarda da ruwan famfo, ko da ya yi garau.

1. Ku bar ruwan ya kwanta, sannan ku tace shi da ƙyalle mai tsabta.

2. Ku ɗora shi a wuta ya tafasa. Ba ƙananan kumfar nan da ke tasowa daga gindin tukunya ake nufi ba, a'a, sai ya tafasa sosai yana birkicewa, minti ɗaya cur. A kan tsauni mai tsayi, minti 3.

3. In babu makamashi, ku ɗiga bilic (ruwan kulorin na wanki) marar ƙamshi, ɗigo 2 a kowace lita, ku ninka in ruwan ya yi gurɓi. Ku jira minti 30. In kun ji ɗan warinsa, ya yi.

4. Ku zuba a jarka mai murfi. A sansani, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin raba shi, domin kofi ɗaya mai datti da yaro ya tsoma ya isa ya ɓata ganga guda.